Alhaji ya gaji ciwon 'yan Minnan

A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa, wani Alhaji mai kumburarren yatsan ƙafa ya juya ga matar da ke gefensa.

"Hajiya, taya ni murna! Ashe ciwon gawut, wannan mai kumbura gaɓa, gado ne, uwargida ta hana ni nama a banza."

"Wa ya ce?"

"Ɗan Cainan da nake sarin takalma wurinsa. Ya ce su 'yan yankin Minnan na ƙasarsu a jininsu yake."

"To kai ɗan Minnan ne?"

"Shekara da shekaru muna ci kwano ɗaya, ai mun zama jini ɗaya! Khalas, magana ta ƙare, yau sai rago."

Ta tuntsire da dariya. "Shi ɗan'uwan naka yana cin naman?"

"Ina! Likita ya hana shi tuni. Ni yake turo wa nasa."