Ƙofar Zauren da Ya Rufe

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Tudun Wada.

Maigidana kafinta ne. Bara aka kawo masa koren katako daga Kano, wanda aka jiƙa da maganin gara. In zai goge shi, sai ya rufe ƙofar zaure. Na ce, "Malam, buɗe ka sha iska." Ya ce, "Ƙura ta ɓata miki shanyar kuɓewa?" Haka ya yi ta shaƙa har tari ya kama shi. Da kaka ya rasu.

Yanzu zauren shiru, ni kaɗai nake share shi. Ƙanensa yana son ƙarasa aikin. Masu sani, don Allah in ba shi katakon ko in hana shi? Ba na son gidan nan ya sake jin wannan tarin.