Ragon da Ya Cika Ordinater

A tashar Madarunfa ana jiran motar Maradi ta cika. Wani magidanci ya buɗe ordinater, wato kwamfuta, a kan cinya, wata ɗaliba a gefensa tana leƙe.

"Malam, ai disk ɗinka ya yi ja! Ya cika maƙil, shi ya sa take nauyi."

"Maradi zan kai ta gyara, ƙanwata."

"Ba sai ka je ba, kawo in rage maka kaya. Kai! Bidiyo ɗari uku, duk na rago guda?"

"Ragona ke nan, sunansa Arziki. Dubi ƙaho! Nan yana cin harawa. Nan kuma ya tunkuyi surukina."

Ta yi dariya har da hawaye. "To, abu biyu suka cinye wurin: ragon nan da bidiyon bikin aurenka. Kana da kile, wato filashin USB, mu juye ɗaya a ciki?"

"Babu."

"To sai an goge ɗaya. In goge ragon?"

"Subhanallahi! Ɗauke hannunki! Goge bikin."

"Malam! Bikin aurenka fa!"

"Yo ita matata Marka tana gida, kullum ina ganinta, har da faɗa. Arziki kuwa mun yanka shi da Layya."