Nishin da Na Ce Girma Ne

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fasto, dattawa, 'yan'uwana mata, salama a gare ku.

Ku ara mini kunnuwanku. Mai goyo ta gyara goyonta, mai gyangyaɗi a taɓa ta. Da tatsuniya na kawo, da na ce ga ta nan, ku ce ta zo. Wannan ba ta jiran kira. Ta riga ta zo, ta shiga gida biyar a ƙauyenmu, ta bar kabari biyar.

Sunana Saratu, daga wani ƙauye a bayan Dukku. Ban taɓa riƙe alli ba. Amma shekara talatin da ɗoriya ni ce ungozomar ƙauyenmu da tungayen da ke kewaye. Kirista, Musulmi, Fulanin daji, duk ƙofata ake bugawa. Rabin samarin da ke riƙe da garma a can, ni na yanke musu cibiya. Ba yabon kai nake yi ba. So nake ku san girman kan da nake ɗauke da shi a lokacin.

Kuma in gaya muku tun yanzu, da fushi na tsaya a gabanku. Allah ya cece ni, amma fushin bai gama sauka ba. Ku yi haƙuri da muryata.

Ga abin da na gada wurin uwata, ita ma ta gada wurin tata. In aka haifi bakwaini, wato ɗan da ya fito wata bai cika ba, sanyi ne maƙiyinsa. Sai a shafe shi da man kaɗe, a naɗe shi da zannuwa, a toshe taga da tsumma, a saki asabari, a hura wuta a kasko a tsakiyar ɗaki, kwana bakwai ba ta mutuwa. In kuwa ya fara nishi, ɗan siririn nishin nan da ke fita da kowane numfashi, ihh, ihh, sai mu ce madalla, yana ƙarasa girman da bai yi a ciki ba.

Haka muke cewa! Yana girma! In ya rayu, wuta ce ta raya shi. In ya mutu, nufin Allah ne. Ta ko'ina aka juya, hannun ungozoma a wanke yake.

To, damina biyu da suka wuce, a tsakiyar marka, ruwa kwana uku ba a ga rana ba, Rahila matar ɗana Bitrus ta durƙusa, saura kusan wata biyu. Bitrus yana nan Kontagora wurin aikin gini. Ni na karɓi haihuwar. Namiji ne, tafin hannuna biyu sun rufe shi. Na shafe shi, na naɗe shi, na toshe taga, na hura kasko. Kafin azahar ya fara nishi.

Rahila ta ce, "Mama, wannan numfashin bai yi mini ba. Mu kai shi asibiti."

Na ce, "Ke da kika haihu yau za ki koya mini jariri? Mijinki ma da wannan hannun na wanke shi. Kwanta ki sha kununki."

Ta kwanta. Yarinya mai kunya ce, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba tun da aka kawo ta.

Kwana biyu yana nishi, ni ina ƙara itace. Ya daina kama nono, na ce barci ne ya yi masa daɗi.

Rana ta uku da hantsi sai ga Inna Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan rafi. Barka ta zo. Tana ɗaga asabari hayaƙi ya shaƙe ta, ta yi ta tari. Ta tsuguna, ta karkata kai tana saurare. Can ta ce, "Uwar Bitrus, na san wannan kukan. Ɗan maraƙin da ya faɗo kafin lokaci haka yake yi. Ba ya ganin kasuwa ta gaba."

Na ce, "Jumma, jikana kike haɗawa da ɗan saniya? Koma ruga ki koya wa shanu haihuwa."

Ta ce, "Shanun ma sun fi ki jin magana." Ta miƙe ta fizge tsumman taga.

Haske ya faɗo kan yaron. Ku ji ni da kyau: kwana biyu ina tare da shi, ban taɓa ganinsa a hasken rana ba sai ran nan. Leɓɓansa sun yi kalar toka. Hancinsa na buɗewa yana rufewa. Da na warware zani, ƙirjinsa na lotsawa ƙarƙashin haƙarƙari kamar wani ke danna shi da yatsa.

Rahila ba ta ƙara tambayata ba. Ta ɗauki ɗanta ta fita tsakar ruwa, ita da jini bai gama tsaya mata ba. Mijin Jumma, wanda ya kawo ta, ya ɗora su a babur. Ni na bi su a baya a wani babur ina masifa: za ku kashe shi da sanyi! A asibitin kusa da mu suka duba shi, suka sa masa iska, suka ce mu wuce Kontagora maza. Bitrus ya tare mu a bakin ƙofar asibitin Kontagora da siminti a ƙafarsa.

Aka karɓe yaron da gudu. Aka sa masa 'yar roba a hanci, ɗayan bakin robar na cikin kwalbar ruwa, ruwan yana ta ɓul-ɓul-ɓul kamar tukunyar da ta tafasa. Na ce a raina, wannan kuma wane irin tsafi ne?

Da aka jima sai ga likita, mace, 'yar yarinya wadda na yi jika da ita, riƙe da takarda. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Mama, muna yin wani bincike a kan jariran da aka haifa kafin lokaci, masu wahalar numfashi. Muna so mu san abin da ke faruwa da su a gida kafin a kawo su, da yadda suke amsa wannan na'ura. In uwar ta yarda, sai ta dangwala yatsa a nan. In ba ta yarda ba, maganinsa ba zai canza ba ko kaɗan."

Duk maganar nan, kalma ɗaya ta shiga kunnena: bincike. A ƙauye an daɗe ana cewa 'yan boko na gwada magani a kan 'ya'yan talakawa. Rahila ta miƙa yatsa, na cafke wuyan hannunta. Na ce, "Jikana ba akuyar gwaji ba ne! Ku cire masa wannan igiyar mu tafi!"

Rahila ta ɗago ido ta dube ni, karon farko a duniya. Ta ce, "Mama, sake mini hannu. Kin gwada naki kwana biyu."

Jama'a, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na saki.

Likita ta fara tambaya. "Yaushe ya fara nishi?" Na riga kowa amsawa: "Yau da safe." Ƙarya. "An hura wuta a ɗakin?" Na ce, "A'a." Ƙarya ta biyu, a bakin macen da ke jan waƙa a zumuntar mata. Likita ta ɗauki zanin yaron ta shinshina, ta ajiye a hankali. Ta ce, "Mama, nan ba kotu ba ce."

Sai ta yi mini bayani, ban tambaye ta ba. Ta ce huhun bakwaini bai nuna ba, kamar jiƙaƙƙiyar leda ce da ta manne, kowane numfashi sai ya buɗe ta da ƙarfin tsiya. Nishin nan ƙoƙari yake yi kada ta sake mannewa. Iskar da ke fitowa ta kwalbar ita ke riƙe masa huhun a buɗe don ya huta. Ta ce sanyi maƙiyinsa ne, a nan na yi gaskiya, amma ɗumin da yake nema yana ƙirjin uwarsa, fata da fata. Hayaƙi kuwa ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya gaji.

Na ce, "To ba girma yake yi ba?"

Ta ce, "A'a, Mama. Neman taimako yake yi."

Na fita. Akwai wata dalbejiya a bayan ɗakin jarirai, rana tsaka, ƙasa duk laka. Na zube a nan. Kada ku ɗauka addu'ar kirki na yi. Faɗa na yi da Allah! Na ce: Ya Uba, ina kake shekara talatin? Wannan magana da yarinyar nan ta gaya mini a tsaye, ba ta kai tsawon gaisuwa ba! Ka san ta, masu karatu sun san ta, me ya hana ta zuwa bayan Dukku? Masu neman ƙuri'a sun san hanyar ƙauyenmu, masu sayen gero sun san ta, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana nishin jariri mutuwa ce! Kuma kowane kabari sai a dafa kafaɗar uwa a ce nufinka ne. Nufinka ne, ko hayaƙina ne? Amsa mini!

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ta uku ba. Muryar Laraba na ji a cikin kaina, maƙwabciyata, shekaru da yawa baya, tana zaune da jaririnta a bakin kaskona tana cewa, "Mama, ko mu kai shi asibiti?" Bayan ta sai Tabita. Bayan Tabita sai Hajara matar mahauci, sai Asabe, sai ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Su biyar. Kowacce ta tambaye ni. Kowacce na rufe mata baki da shekaruna.

Ashe ya yi magana. Sau biyar ya aiko, na kori manzannin. Na shida ya aiko surukata, na ce ta sha kununta; ya ƙara da Bafulatana da ƙwaryar nono, na ce ta koma ruga.

Na kifa goshina a laka na ce: Yesu, ni ce. Kada ka sa wannan ya zama na shida. Ka gafarta mini, ka bar wa Rahila ɗanta.

Na tashi na koma ciki da laka a fuska. Na ce wa likita, "Ɗauki alƙalaminki, 'yata. Goge na farko." Na gaya mata kwana biyu ne. Na gaya mata kasko, da tsumman taga, da man kaɗe. Na gaya mata su biyar ɗin, da yadda kowanne ya yi nishi, da kwana nawa ya yi. Ba su cikin tambayoyinta, amma ta juya bayan takarda ta rubuta. Na ce, "Ki kai wa manyanku, su san cewa a can muna kiran wannan abu girma. In ba su san me muke kiransa ba, ba za su iya raba mu da shi ba."

Kwana huɗu kwalba tana ɓul-ɓul. Sau ɗaya numfashinsa ya ɗauke a gaban idona, nas ta murza masa tafin ƙafa, ya dawo. Rana ta biyar da safe na sa kunne, ban ji nishi ba. Na san irin wannan shirun. Na leƙa. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, sumul, leɓɓansa sun yi ja wur. Halleluya! Ku ce Amin mana! Bayan kwana kaɗan aka cire robar, aka ɗaure shi a ƙirjin Rahila, tsirara, fata da fata. Ranar da ta gaji, a ƙirjina aka ɗaure shi, wannan tsohon ƙirjin.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare.

Yaron, Yohanna, ga shi can a baya yana jan ɗankwalin uwarsa. Rahila, ɗaga shi su gani. Wannan ihun da ya hana ku jin wa'azi ɗazu, huhun da na cika da hayaƙi ne ke yin sa.

Rahila ta yafe mini, amma yanzu in na yi magana tana dubana ido cikin ido, kuma na gode wa Allah da haka. Bitrus ya dawo da su nan Kontagora kusa da shi. Likita na ji an mayar da ita wani gari da takardunta. Ban san abin da bincikensu ya haifar ba, ina dai addu'a ya iso ƙauye kafin wani kabari. Inna Jumma har yau tana kawo nono, har yau tana tambayata ko zan zo ruga in ɗauki darasi wurin shanu.

Kaskon na fasa shi da taɓarya.

Matan nan na bi su gida gida. Tabita da Asabe sun yi kuka tare da ni. Hajara ta ce Allah ya riga ya rubuta, ta ba ni ruwa na sha. Ƙanwata ta rasu ban samu gaya mata ba. Laraba kuwa ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Tana da gaskiya. Kowace Lahadi ina gaishe ta.

Ina yi wa Ubangiji godiya da ya ji addu'ar mai faɗa da shi, ya ba ni jikana da rai. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, amma kada ku rataya masa abin da taurin kanmu ya yi. In ya aiko muku magana ta bakin suruka, ko mai nono, ko yarinya mai takarda, ku buɗe kunne.

Kafin in zauna, ku yi shiru ku ji, don ku san shi. Ihh. Ihh. Ihh. Duk ranar da kuka ji wannan a bakin jariri, kada ku zo wurina, kada ku hura wuta. Ku sa shi a ƙirji ku kama hanya. Cikin sunan Yesu, Amin.