Inda Nake Wanke Famfon Feshina Yanzu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da ɗalibaina masu saurare. Ni malamin firamare ne a yankin Bukkuyum, ina kuma noman wake.

Da yawanmu muna zaton ruwa in ya yi garau ba ya cutarwa. Bara, bayan feshin maganin ƙwari, na tsuguna ina wanke famfona a tafkin da ƙauyenmu ke sha. Innata ta zo ɗiban ruwa, ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, gubar dalmar da ta kashe mini jikoki biyu, wa ya gan ta da ido?"

Washegari na haƙa rami nesa da tafki da rijiya, can nake zubar da ruwan wankin. 'Yan'uwa manoma, kowa ya haƙa nasa kafin feshin bana.