Radiyon Hadiza

Salamu alaikum Malam mai shiri. Isufu ne daga Droum.

Bana fari ya ramar da kowa, amma matata Hadiza sai ƙiba take. Maƙwabta suka ce hatsi ta ɓoye. Har ni na leƙa ƙarƙashin gadonta.

A asibitin Damagaram lokotoro, wato likita, ya ce a yi mata radiyo. Ta yi murna, wai za ta wanke kanta a kunnen jama'a. Ashe hoton ciki yake nufi! A Yamai hoton ya nuna ɗan ƙari bisa ƙodarta, shi ke kumbura ta. Za a cire shi, ku taya mu addu'a.

Hadiza, ga radiyon da kika so. Droum ta ji, ba ki ɓoye ko ƙwaya ba. Ki yafe mini leƙen nan.