Mijina Zai Zama Ubana

FUMIE: Halo? Wa ke magana?

MITSURU: Yaya, ni ne.

FUMIE: Ni ne wa? Iska ta cika min kunne.

MITSURU: Mitsuru mana. Ƙanne nawa gare ki?

FUMIE: Au, ɗan birni. Yau an tuna da mu ke nan. Ina wuni?

MITSURU: Lafiya lau. Ya gida?

FUMIE: Lafiya ƙalau. Ya Osaka, ya sanyi?

MITSURU: Da sauƙi. Ya Inna da gwiwa?

FUMIE: Gwiwa tana nan, bakin ma yana nan. Jiya sai da na ɓoye mata almakashi, wai ita ma sai ta hau tudu tsinkar lemu. Ya aiki?

MITSURU: Mun gode. Ke kina gona ne?

FUMIE: Ina kan tsani ma yanzu haka. In ka ji shiru, na faɗo ne. Bana aladen daji sun yi mana ɓarna, sun karya shinge ta gefen rafi. Kwalin lemun da muka aiko ya iso?

MITSURU: Ya iso, an gode.

FUMIE: Inna ta ce in faɗa maka manyan na Noboru ne, kai ka ci ƙananan. Ya yake? Ya ce sun yi zaƙi?

MITSURU: Bai ci ba.

FUMIE: Noboru ne bai ci lemu ba? Mutumin da ke cinye rabin kwali a tsaye?

MITSURU: An hana shi cin komai. Gobe da safe za su shiga da shi.

FUMIE: Su shiga da shi ina? Halo? Mitsuru, muryarka tana tsinkewa. Tsaya in sauko.

MITSURU: Na ce yana asibiti. Aiki za a yi masa a kai.

FUMIE: A kai? Shi ne ka tsaya kana tambayata gwiwar Inna?

MITSURU: Na rasa ta inda zan fara ne, Yaya.

FUMIE: Me suka gani?

MITSURU: Ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ciwon kan nan da yake ta cewa gajiya ce. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce zai iya farkawa garau, zai iya farkawa babu magana, zai iya kuma ƙin farkawa.

FUMIE: Wayyo Noboru. Kana gefensa? Ba shi wayar in ji muryarsa.

MITSURU: Ba na asibitin. Ina ofishin ƙaramar hukuma, na karɓi lamba ina jiran a kira ni.

FUMIE: Mutum yana kwance, kai kana layi a ofis? Me ka je nema?

MITSURU: Wansa ya zo shekaranjiya.

FUMIE: Wane wan? Wanda ya ce kada ya sake taka musu gida?

MITSURU: Shi ɗin. Asibitin ne suka nemi a kira ɗan uwa na jini. Yana shigowa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce an gode da ɗawainiya, abokai su ɗan ba da wuri za a yi maganar iyali. Na tashi na fita, Yaya. Ina riƙe da kofin ruwan Noboru na fita, na tsaya a baranda kamar mai kawo saƙo.

FUMIE: Kai ma da sanyin jiki. Ba kuna da katin nan na shaidar zaman tare ba, wanda hukumar gari ta ba ku? Har hoto kuka aiko min, kun yi tsaye kuna washe baki.

MITSURU: Na nuna. Ma'aikatan jinyar mutanen kirki ne, suna barina in kwana. Amma sun ce in ya fita hayyacinsa kuma ra'ayi ya bambanta, su na jini za su saurara. Wan kuwa ya riga ya faɗa, in abin ya yi tsawo arewa zai mayar da shi, kusa da su. In ta Allah ta kasance, a kabarin gidansu za a sa shi.

FUMIE: To ya rubuta wasiyya mana.

MITSURU: Ya rubuta tuni. Wasiyya gida za ta ba ni da kujeru. Ba za ta buɗe min ƙofar ɗakin da yake kwance ba.

FUMIE: To me za ka samo a ofishin?

MITSURU: Zai ɗauke ni ɗa.

FUMIE: Zai ɗauke ka me? Layin nan dai.

MITSURU: Kin ji daidai. Ɗan riƙo. A shigar da ni cikin rajistar gidansa a matsayin ɗansa. Ɗa yana gaba da wa, kin gane? Yau in na miƙa takardar, gobe ni ne iyalinsa.

FUMIE: Haba, Mitsuru. Noboru da ya girme ka da 'yan watanni? Kai da furfurarka ta fi tasa?

MITSURU: Ko da kwana ɗaya ya girme ni, doka ta yarda. Da yawa irinmu haka suke yi. Ya sa hannu ɗazu. Mai awarar da ke ƙasan gidanmu ita da mijinta suka yi mana shaida, ko tambaya ba su yi ba.

FUMIE: Shi me ya ce?

MITSURU: Kin san shi. Wai daga yau in riƙa durƙusawa in zan gaishe shi, kuma ya hana ni yawon dare. Ya yi ta dariya har sai da kan ya sara masa. Daga nan ya juya wa bango fuska.

FUMIE: To ka miƙa mana. Me kake jira? In sunan gida ne yake damunka, bar shi. Sunanmu na Ochi yana wurina, sau biyu aure yana raba ni da shi ina dawo da abina. Inna kuma ni zan san yadda zan gaya mata. Kada ka ɗauka ba ta san komai ba, matar da ke saƙa muku safa iri ɗaya duk shekara.

MITSURU: Ba sunan ba ne.

FUMIE: To mene ne?

MITSURU: In ya zama ubana, ya zama ke nan. Ko gobe aka canza doka, aka ce irinmu su yi aure, mu ban da mu. Wanda ya taɓa zama ɗan riƙonka ba ka aurensa, ko da an warware riƙon daga baya. Lauya ta maimaita min har sau biyu don kada in ce ban ji ba.

FUMIE: Har abada?

MITSURU: Har abada.

FUMIE: Amma ai auren nan babu shi, Mitsuru. Kana kukan rasa abin da ba a ba ka ba.

MITSURU: Ya kusa, Yaya. Kotuna sun yi ta cewa hana mu ba daidai ba ne, ta sama ake jira. Duk zaman da aka yi a garin nan sai mun je, mu zauna can baya, shi yana ta gyaɗa kai kamar shi ne alƙalin. Shekara ashirin da wani abu muna cewa baɗi. Har kwat ta ranar auren ya ɗinka. Ta yi masa kaɗan, ya ce zai rage tumbi. Yanzu ta yi masa yawa.

FUMIE: Daina, za ka sa ni kuka a gaban masu tsinka.

MITSURU: In ya warke fa? In ya tashi garau, baɗi a buɗe ƙofa kowa ya shiga, mu muna tsaye a waje, uba da ɗa? Ni da hannuna na rufe mana.

FUMIE: In kuma bai tashi garau ba, ka ƙi miƙawa?

MITSURU: Sai a ɗauke shi a mota ina kallo.

FUMIE: Kai. Ni fa aurena na biyu, a hanyar kasuwa muka biya ofis. Mijin nan ko sunan Inna bai riƙe ba. Ba wanda ya tambaye mu komai, aka buga hatimi, aka ce a zauna lafiya. Ko shekara biyu ba mu yi ba. Da a lokacin zan kwanta ciwo, shi za a tambaya, ba kai ba.

MITSURU: Abin da muke roƙo ke nan, hatimin nan. Ba mu ce kowa ya so mu ba. Ni na wanke shi, ni na san maganin da ke sa shi amai, ni na san ba ya barci sai an bar masa rediyo. A ce duk ƙasar nan babu sunan da za a kira ni da shi sai aboki ko ɗa?

FUMIE: Ba za a ɗaga aikin ba? Ko mako guda, ku yi tunani?

MITSURU: Ƙarin ba ya jira.

FUMIE: Wan fa? Ba ni lambarsa, ni in yi masa magana. Na iya da irinsu.

MITSURU: Ki ce masa ke wace ce?

FUMIE: In ce... Oho. Bari in kamo jirgin ruwan yamma, gobe da asuba ina nan.

MITSURU: Ki zo, zan ji daɗi. Amma ke ma a baranda za ki zauna.

FUMIE: To me kake so in ce maka? Faɗa min, in faɗa.

MITSURU: Ban sani ba. Na kira ne ko za ki ce kada in yi. Da kin hana ni, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

FUMIE: Ba zan hana ka ba. Ba zan kuma ce ka yi ba, bakina ba zai iya ba. Shi wanne yake so? Tsakani da Allah, ba wasa ba.

MITSURU: Na tambaye shi kafin in fito. Ya ce shi dai in ya buɗe ido, ko bai gane kowa ba, yana so ya zama ni ne a wurin.

FUMIE: To ai ya gama magana.

MITSURU: Ya gama.

FUMIE: Mitsuru, kana ji na? Ko me suka rubuta a can, ni surukina ne. Duk wanda ya tambaye ni, mijin ƙanina ne, haka zan ce.

MITSURU: Ba wanda zai tambaye ki, Yaya.

FUMIE: Ko da haka ne.

MITSURU: Ga lambata ta fito. Ma'aikaciyar tana ɗaga min hannu.

FUMIE: Tsaya, kada ka kashe. Bar wayar a kunne, in raka ka har gaban teburin.

MITSURU: A'a. Ba na so ki ji abin da zan ce ni ne a wurinsa.

FUMIE: Mitsuru, saurara mana. Halo? Mitsuru?