Wanda Ya Goge Mini Aiki Ya Tona Kansa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Rahila. Yau na zo da godiya, amma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu zuciyata tana tafasa.

Ina aikin kwamfuta a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Gwammaja. Sunayen mata masu ciki, ranar awonsu, maganin da jikinsu ba ya so, duk suna cikin databes, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, da nake kula da ita. Mai asibitin, Hajiya Likita, ta riƙe ni da amana.

Ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci, ofishinmu yakan rage daga ni sai Danjuma, abokin aikina, Kirista kamar ni. Ashe ƙaninsa yake so a ba wa kujerata!

Wata Asabar muka zo, databes wayam. Mata sun cika benci, ba a san wa ke shan me ba. Danjuma ya je gaban Hajiya yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. "Hajiya, jiya na ga Rahila tana ta danne-danne. Ban so in faɗa ba."

Na ji kamar in shaƙe shi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Rahila, in ba ki dawo da bayanan nan ba, ki ajiye makulli."

Na shiga banɗaki na yi kuka. Addu'ar da na yi ba mai laushi ba ce. Na ce, "Ya Ubangiji, ka kunyata shi a gaban mutane, kuma ina so in gani da idona!"

Danne-dannen da ya gani, bakof ne. Kowace Juma'a da ofis ya yi shiru nakan kwafe komai a filash in jefa a jaka. Na sa filash ɗin, na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na buga pg_restore, umarnin dawo da bayanai. Allon ya tsaya cik. Can sai sunaye suka dawo. Halleluya!

Danjuma ya zabura. "A ina kika samo? Ai bakof na cikin kwamfutar ma an goge!"

Hajiya ta juyo a hankali. "Malam Danjuma, wa ya gaya maka? Ba wanda ya duba tukuna."

Ashe shi ya goge! In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Makullin da aka ce in ajiye, shi ya ajiye nasa, ina tsaye ina kallo, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Fasto ya ce in yafe masa. Na kama hanya, amma ban isa ba tukuna, ku taya ni da addu'a. Na gode wa Allah da ya wanke sunana. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, shi ke rama wa wanda aka zalunta. Amma ku riƙa yin bakof. Amin!